Sikiram a Wasan Zari-Ruga: Dokoki da Yadda Ake Kare Wuya Kafin Wasan Ƙasa da Ƙasa

A duk wasannin da ake yi da ƙwallo, da wuya a sami wurin da ake tara nauyi a wuyan ɗan Adam kamar sikiram. Mutum takwas ta nan, takwas ta can, a sarƙe kafaɗu, a duƙa, a yi ta turereniya a kan ƙwallo guda. A manyan ƙasashe nauyin mutum takwas ɗin nan yakan kusanci kilo 900, kuma duk ƙarfin da suka tattaro yana bi ne ta kafaɗu da wuyan mutum uku da ke gaba. Wannan jagora ta kociyoyi ce da 'yan wasa da malaman motsa jiki na Katsina da Daura da kewaye, musamman masu shirin karawa da baƙi daga wata ƙasa, ko masu yaron da ake sa ran a kira shi sansanin Black Stallions, ƙungiyar zari-ruga ta Najeriya. Wanda kallo kawai yake yi a gidan kallo shi ma zai fahimci abin da ya sa alƙalin wasa ke yawan busa usur a wurin.

Dokokin da za a ambata na hukumar World Rugby ne mai hedikwata a Dublin, kuma sikiram shi ne doka ta 19 a littafinta. Kusan kowace shekara sai an taɓa wani abu a ciki, don haka a duba sabon bugu kafin wasa, yana nan kyauta a intanet.

Su wa ke ciki

Ana kafa sikiram ne bayan ƙaramin laifi, galibi idan ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan wasa ta yi gaba, ko an miƙa ta gaba. Ba a kafa shi ƙasa da mita 5 daga layin gefe ko layin gida. Daga lokacin da alƙali ya nuna wurin da ƙafarsa, ƙungiyoyin biyu na da daƙiƙa 30 su shirya.

Sahun gaba mutum uku ne. Lamba 1 da lamba 3 su ne 'yan tokare, lamba 2 a tsakiyarsu shi ne ɗan ƙugiya, mai maƙalo ƙwallo da ƙafa. Bayansu akwai 4 da 5, dogayen nan da ke sa kai tsakanin cinyar ɗan tokare da ta ɗan ƙugiya, gurbin da Maro Itoje ke bugawa Ingila. Sai 6 da 7 a gefe, lamba 8 a ƙurya. Lamba 9 ba ya ciki, shi ne mai jefa ƙwallo a kwararon da ke tsakanin sahu biyu.

Aikin 1 da na 3 ba ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abin da sababbin kociyoyi ke rainawa. Kowa yana sa kansa ne ta hagun kan wanda ke fuskantarsa. Saboda haka kan lamba 1 yana waje, kafaɗarsa ta dama ce kaɗai ke ɗaukar nauyi. Lamba 3 kuwa kansa yana matse tsakanin mutum biyu, nauyi na sauka masa ta kafaɗu biyu. Ɗan ƙugiya ya fi kowa shiga haɗari, don hannayensa duka biyu suna rataye a kan 'yan tokarensa, in aka faɗi ba shi da abin da zai tare ƙasa da shi sai fuska.

Mataki na farko: wa za ka sa a gaba

Yawancin mummunan raunin sikiram tun a wajen zaɓe ake shuka shi. An rasa mutum, sai a waiga a ga wani ƙato a benci a ce masa shiga. Ƙiba ba horo ba ce. Doka ta ce wanda aka horar kuma ya saba da sahun gaba shi kaɗai zai tsaya a wurin, kuma alhakin tabbatar da haka yana kan ƙungiya. A wasan ƙasa da ƙasa ana rubuta 'yan wasa 23, kuma dole 6 daga cikinsu su zama na sahun gaba, yadda kowane gurbi cikin ukun zai sami mai maye shi. In 'yan wasan 19 zuwa 22 ne, ana bukatar 5. In 16 zuwa 18 ne, 4. Kafin a fara, a gaya wa alƙali su waye, da gurbin da kowannensu zai iya riƙewa.

Idan ƙwararru suka ƙare, alƙali zai mayar da sikiram na ba turi: a haɗu, a tsaya, mai jefawa ya ɗauki ƙwallonsa. Ƙungiyar da ta jawo haka takan rasa mutum guda, sai dai akwai togaciya ga wanda ya fita saboda jini, bugun kai, ko ƙetar abokin hamayya. An ga wannan ƙarara a Dublin a watan Fabrairun 2022. Ɗan ƙugiyar Italiya ya ji ciwo ya fita, wanda ya maye shi, Hame Faiva, aka ba shi jan kati tun kafin a cika minti 20, aka koma sikiram na ba turi, sai Italiya ta koma mutum 13 maimakon 15, Ailan ta lallasa ta 57 da 6. Mutane sun yi ta gunaguni a kan dokar, amma ba wanda ya ce a tura ɗan bayan fili ya tsaya a tsakiyar sahun gaba. A Birtaniya ma, a 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da alhaki a kan wani alƙalin wasa da ya bar wanda bai ƙware ba ya tsaya a tokare, sikiram ya rushe, ɗan ƙugiya ya shanye.

A nan ƙasar Katsina muna da 'yan kokawa masu ƙugu da wuya irin wanda ake nema, kuma sun san yadda ake sauke nauyi ƙasa. Sai dai abin da kokawa ta koya musu, wato shiga ƙarƙashin mutum a ɗaga shi, ko a fizgo shi a kayar, shi ne ainihin abin da sikiram ya haramta. Ɗan kokawa yana bukatar watanni kafin hannunsa ya manta da fizga. Yaro mai dogon wuya siriri kuma a nema masa wani gurbin, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wanda bai kai shekara 18 ba kada ya tsaya a sahun gaba da manya, komai girman jikinsa. Maganar rage shekaru ko ƙara su a takarda, a nan ba wayo ba ne, ƙashin wuya bai san abin da aka rubuta ba.

Mataki na biyu: tsayuwar jiki

Wannan ake fara koya, mutum shi kaɗai, ba abokin turi. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu na kallon gaba, nauyi a kan gaban tafin ƙafa. A lanƙwasa gwiwa, a tura ƙugu baya, a fito da ƙirji, a ja allon kafaɗu baya kamar za a matse lemo a tsakaninsu. Gadon baya ya shimfiɗu, yadda in aka ɗora faranti ba zai zame ba. Kai da kafaɗa kada su taɓa yin ƙasa da ƙugu, wannan doka ce, daga farkon sikiram har ƙarshensa. Haɓa ta rabu da ƙirji, ido na kallon gaba kaɗan, kamar mai leƙe ta saman tabarau. Ciki a ɗaure.

Dalilin haɓar nan shi ne komai. Wuya yana da ƙasusuwa bakwai, laka na bi ta tsakiyarsu. Idan haɓa ta sauka kan ƙirji, lanƙwasar da wuya ke da ita ta halitta takan miƙe, sai nauyin da ya zo ta tsakar ka ya bi ƙasusuwan kai tsaye ba abin da zai rage shi. In aka haɗa da murɗawa, ƙashi ya goce ya danne laka. Raunin da ya yi sama sosai yakan taɓa jijiyoyin numfashi. Abin da ya sami Matt Hampson ke nan a watan Maris na 2005, yana shekara 20, a wajen atisayen 'yan ƙasa da 21 na Ingila a Northampton. Sikiram ya rushe, ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, har yau da na'ura yake numfashi. A lura, a atisaye ne, ba a wasa ba.

Yadda ake hawa: mutum ɗaya ya riƙe tsayuwar daƙiƙa 10 zuwa 15, sau biyar, koci na tura shi a hankali ta gefe ya ga ko zai karkace. Sai ɗaya da ɗaya, a fara a durƙushe, sannan a tsaye. Sai uku da uku, biyar da biyar, a ƙarshe takwas da takwas. Kada a tsallake mataki, kuma duk ranar da aka ga baya ya fara doro, a koma na ƙasa. A haɗa masu nauyi da ƙwarewa kusan ɗaya. Atisayen wuya kuma sau uku a mako: tafin hannu a goshi a tura ba tare da kai ya motsa ba, daƙiƙa 10 zuwa 15, sai ƙeya, sai gefe da gefe. Shirin ɗumama jiki na World Rugby mai suna Activate yana da irin waɗannan, bai bukatar kayan aiki.

Injin turi yana da amfani wajen koyon tura tare, amma inji ba ya karkacewa, ba ya zamewa, ba ya ƙeta. Wanda ya saba da inji kaɗai zai sha mamaki ranar da ya haɗu da mutum.

Mataki na uku: kira uku na alƙali

Da Turanci alƙali ke kira a wasan ƙasa da ƙasa, ko da baƙin masu Faransanci ne irin maƙwabtanmu na Nijar, don haka yaranka su saba da kalmomin kamar yadda za su ji su: "crouch", "bind", "set". Wato duƙa, riƙe, haɗu. A da sahu biyu kan ja baya su yi karo kamar raguna. Binciken da aka yi a Jami'ar Bath ya nuna riƙe juna kafin haɗuwa na rage ƙarfin karon da kusan kashi 25 cikin 100, shi ya sa aka koma wannan tsari a 2013.

Kafin kiran farko, ɗan ƙugiya ya tsaya a kan alamar, 'yan tokare su sarƙe da shi, 4 da 5 su riƙe juna su shiga, sannan sauran. Riƙo a doka yana nufin hannu gaba ɗaya daga tafi zuwa kafaɗa ya manne da jikin abokin wasa. Ɗora tafi kawai ba riƙo ba ne. Lamba 6, 7 da 8 kowannensu ya riƙe jikin 4 ko 5 da hannu ɗaya aƙalla. Kafaɗar 4 da 5 ta zauna a ƙasan mazaunin ɗan tokare. In ta hau kan bayansa, da an tura za ta zame sama ta danna shi ƙasa.

Da kiran "crouch" sahun gaba ya duƙa, kunne kusa da kunne, kowa kansa na fuskantar gurbin da zai shiga, ba ya taɓa wuya ko kafaɗar abokin hamayya. A nan ɗan ƙugiya zai sa ƙafa ɗaya gaba a tsakiyar kwararo. Ita ce ƙafar birki, da aka shigo da ita a 2022. Kafin nan ƙungiyoyi sun gano dabarar jingina nauyinsu gaba tun kafin kiran ƙarshe, sai nauyin mutum takwas ya taru a tsakar kan ɗan ƙugiya yana dannawa cikin kafaɗar na gabansa. Ƙafar birki ce ke riƙe nauyin a baya. Ta fito sosai yadda alƙali zai gan ta, in babu ita firikik ne.

Da kiran "bind" 'yan tokare su kama juna. Lamba 1 ya shigar da hannun hagu ta cikin hannun daman lamba 3 na hamayya. Lamba 3 ya ɗora hannun dama ta wajen dantsen lamba 1. Kowa ya kama riga a baya ko a gefen jiki. Ba a kama wuyan riga, ko hannun riga, ko ƙirji, ko dantse, ba a kuma danna ƙasa. Abin da alƙali da mataimakinsa ke kallo shi ne gwiwar hannu: in tana sama an riƙe daidai, in ta nuna ƙasa sun san ana jan mutum. Ƙafar birki tana nan, kuma ana iya ganin ɗan sarari tsakanin kafaɗun sahu biyu.

Sai alƙali ya ga an daidaita an tsaya cak sannan zai ce "set". Ɗan ƙugiya ya janye ƙafar birki, a haɗu. Haɗuwa ce kawai, ba turi ba. Kada a koya wa yara ƙirga lokaci tsakanin kira da kira, kowane alƙali da nasa jinkirin, wanda ya riga kira ya ba da firikik, in ya maimaita ya zama fanareti.

Mataki na huɗu: jefa ƙwallo da abin da ke biyo baya

Lamba 9 yakan tsaya ta gefen lamba 1 nasa, don ta nan ɗan ƙugiyarsa ya fi kusa da ƙwallo. An yarda ya daidaita kafaɗarsa da tsakiyar kwararo, wato ya ɗan matso ɓangarensu, amma jifar ta tafi a miƙe, da motsi ɗaya, ba jan lokaci, ba yaudara, kuma ta fara taɓa ƙasa a cikin kwararo. Da ta bar hannunsa sikiram ya fara, a lokacin ne aka halatta turi. Dole ɗan ƙugiyar masu jefawa ya kai ƙafa ya maƙalo ta, da ƙafa ɗaya, ba biyu a tare ba. Wannan daƙiƙar ita ce mafi rauni ga masu jefawa, domin ɗan ƙugiya na kan ƙafa guda, mutum bakwai ke tare takwas. Lamba 3 ne ke riƙe gidan a lokacin.

Turi a miƙe ake yi, a layi ɗaya da ƙasa, da gajerun taku. In ƙwallo ta isa ƙafar lamba 8 sikiram kuma ya tsaya, bayan daƙiƙa 3 zuwa 5 alƙali zai ce "use it", a fitar da ita nan take. In sikiram ya juya fiye da digiri 90 ba laifin kowa, a sake kafawa, masu jefawa su sake jefawa. 'Yan baya su tsaya mita 5 daga ƙafar ƙarshe ta sikiram ɗinsu. Tun daga Janairun 2025, lamba 9 na ɓangaren da bai jefa ba ba ya wuce tsakiyar kwararo ya bi ƙwallo kamar da.

Wani canjin da ya kamata kyaftin ya sani: daga Yulin 2024 wanda aka ba firikik ba shi da zaɓin sikiram. Masu kallo za su tuna Damian Willemse na Afirka ta Kudu a wasansu da Faransa a Kofin Duniya na 2023, da ya cafe ƙwallo kusa da gidansu, aka ba shi firikik, ya ce sikiram yake so. Yanzu ba dama. A fanareti kuwa zaɓin yana nan.

Ga 'yan ƙasa da shekara 19 dokar ta fi tsauri. Ba a tura sikiram fiye da mita ɗaya da rabi, ba a juya shi da gangan, in ya juya digiri 45 a tsayar, kuma adadin mutanen ɓangarorin biyu ya zama daidai. Makarantun sakandare da wannan za su yi aiki.

Abin da ke rushe shi

Laifuffukan da ke jawo fanareti kai tsaye su ne rusa sikiram da gangan, jan abokin hamayya, ɗaga shi sama ko tilasta masa fitowa ta sama, durƙusawa da gangan, da rugowa a yi karo daga nesa. In aka yi ta maimaitawa sai katin gargaɗi, minti 10 a waje. In laifin ya hana cin da babu makawa, alƙali ya ba da maki 7.

Amma yawancin rushewa ba ƙeta ba ce, kuskure ne da ake iya gani tun kafin ya faru. Na farko, ƙafafu sun yi nisa a baya: ɗan tokare ya miƙe gwiwa gaba ɗaya, ba sauran abin da zai tura da shi, da na gabansa ya ɗan ja da baya sai ya kife a kan ciki. Maganinsa gajerun taku, gwiwa na nan a lanƙwashe. Na biyu, karyewa a ƙugu: ƙafafu a miƙe, mazaunai a sama, kai a ƙasa. Wannan yakan zo da gajiya, shi ya sa ake yawan ganinsa a ƙarshen wasa. Na uku, lamba 3 ya karkato ciki ya nufi ɗan ƙugiya, ko lamba 1 ya fitar da ƙugunsa waje ya shiga ta ƙarƙashin haƙarƙarin lamba 3. Koci ya tsaya a bayan sikiram ya duba: ƙugun mutum ukun nan ya kamata su manne, kashin bayansu duka na nuna gaba. Da ka ga haske tsakanin ƙugun ɗan tokare da na ɗan ƙugiya, an fara karkacewa.

Akwai kuma fitowa ta sama, wadda mutane ke ɗauka ba komai tunda ba a faɗi ba. Tana da haɗari ƙwarai. Ɗan ƙugiya ƙafafunsa sun bar ƙasa, kansa na maƙale, haɓa na danne a ƙirji, na baya kuma ba su gani, suna ta turi. Alƙali zai busa nan take, kuma 4, 5 da 8 su saba da sakin turi da jin usur, ba sai sun ga dalili ba.

Wanda ke ganin duk wannan ɓata lokaci ne ya tuna wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2019 a Yokohama. Lamba 3 na Ingila, Kyle Sinckler, ya fita a minti na uku da bugun kai, Tendai Mtawarira da abokansa suka yi ta samun fanareti a sikiram, Afirka ta Kudu ta ci 32 da 12. A 2023 ma fanaretin sikiram ne Handré Pollard na Afirka ta Kudu ya buga daga kusan tsakiyar fili suka fitar da Ingila 16 da 15. Tsayuwar da ke kare wuya ita ce dai ke kawo maki.

Fili da yanayinmu

Littafin doka an rubuta shi ne da tunanin ciyawa mai laushi. Mu kuwa daga hunturu zuwa bazara yawancin filayen makarantu da na unguwa fako ne, ƙusoshin takalmi ba sa kama shi, ga tsakuwa ga tsidau. Sikiram a kan fako zamewa ce ke jira. A zaɓi wuri guda, a share duwatsu, a jiƙa shi da yamma kafin ranar atisaye, a sake yayyafawa da safe, yadda ƙusa za ta nutse amma ba taɓo. In ruwa ya yi wuya, a tsaya a uku da uku ba turi mai ƙarfi. Rairayi mai zurfi shi ma ba ya riƙe ƙafa. Da damina kuma a duba inda ruwa ke kwanciya.

Wannan na da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Yaron da ya saba da fako yakan koyi tsayawa a sama-sama don kada ya zame. Ranar da ya sami ciyawa irin ta babban filin wasa, ya haɗu da waɗanda suka saba sauka ƙasa sosai, sai su shige ƙarƙashinsa. A nemi izinin yin atisaye biyu ko uku a fili mai ciyawa kafin tafiya. Sahun gaba su sa takalmi mai dogayen ƙusoshi, tsawonsu kada ya wuce milimita 21, kuma ba kaifi. Ƙusar da ta goge a kan fako takan yi baki kamar wuƙa, alƙali zai hana ta. Kowa da robar kare haƙora.

A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. A yi sikiram da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a farkon atisaye bayan ɗumama jiki, ba a ƙarshe ba lokacin da kowa ya galabaita. Cikakken turi takwas da takwas sau shida zuwa takwas ya isa a rana, da hutu da ruwa a tsakani. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki.

Idan ya rushe

A koya wa kowa wannan tun kafin a bukace shi. A Ostireliya suna da tsari mai kyau da ya cancanci a ara: duk wanda ya ji wuyansa ya shiga matsi ya yi ihu da kalmar "mayday", sauran su amsa, kowa ya daina turi. 'Yan tokare su saki abokan hamayya amma kada su saki ɗan ƙugiyarsu. A sauka kan gwiwa tare, a ɗan dakata, sannan a sauke ƙirji, sahun gaba su sauka a kan fuska, haɓa a ɗage. Kada kowa ya juya kai gefe, murɗawa da lanƙwasa a tare su ne ke goce ƙashi. Gara a ƙuje hanci. Sannan a warware daga baya: lamba 8, sai 6 da 7, sai 4 da 5 ɗaya bayan ɗaya, sai 'yan tokare.

In wani bai tashi ba, a nan al'adarmu ta tausayi ke yin ɓarna. Mun saba a ruga a ɗaga mutum, a zaunar da shi, a kwara masa ruwa, a ja masa wuya ko yatsu a ce targaɗe ne. Kada a yi ko ɗaya. Mutum guda ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da hannu biyu a yadda ya same shi, ya yi masa magana: "Ɗan'uwa, kada ka motsa, kada ka gyaɗa kai, amsa min da baki." A tambaye shi ko wuya na ciwo, ko yana jin hannu da ƙafa, ko yana jin kamar kiyashi na bin jikinsa, ko wani sashe ya mutu. Ko ɗaya daga ciki ya isa a ɗauka laka ta taɓu. Wanda ya suma ma haka za a ɗauke shi. In ba ya numfashi, numfashi ke gaba da komai: a buɗe hanyar iska, a fara danna ƙirji sau 30 da hura iska sau 2. Alƙalin da ke wurin ranar da Hampson ya faɗi, Tony Spreadbury, ma'aikacin motar asibiti ne a da, shi ya riƙe masa numfashi.

Ba a ɗaukarsa a hannu, ba a ɗora shi a babur ko Keke Napep, ba a naɗe shi a kujerar bayan mota. Allon ɗaukar mai rauni ake bukata da mutanen da aka koya wa juya mutum kai da jiki a tare. Ba a kai shi wurin mai ɗori. Masu ɗori suna da inda suka iya, wuya ba ya ciki. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano su ne irin wuraren da za a nufa, kuma wanda ke atisaye a Daura ya san akwai tafiyar fiye da awa guda a gabansa, ya tanadi mota da direba da lambar likita tun kafin a fara. Wanda ya bugu a kai, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, ya gama wasa a ranar, sai likita ya sallame shi.

Makon wasa da ranar wasa

Sikiram mai nauyi na ƙarshe a yi shi kwana uku ko huɗu kafin wasa. Bayan nan sai maimaita shiri da kira, ba turi. A gayyato alƙali mai lasisi ya yi kiran a atisaye, ya faɗi abin da yake gani, domin koci yakan saba da kuskuren yaransa har ya daina ganinsa. A gwada kowane haɗi da zai iya faruwa: ɗan ƙugiya na biyu da 'yan tokaren farko, lamba 3 na benci da lamba 5 na farko, da wanda zai koma sahu na biyu in aka ba wani kati. A yi sikiram na mutum bakwai ko sau biyu ne. A tambayi kowane ɗan sahun gaba, shi kaɗai ba a gaban abokansa ba, ko wuyansa na ciwo ko hannunsa na mutuwa, domin yaro mai son a sa shi a wasa ba zai faɗa a cikin taro ba.

Ranar wasa alƙali zai zo ɗakin sauya kaya ya duba ƙusoshi, ya tara 'yan sahun gaba shida da lamba 9. Su je duka, har na benci, in akwai wanda Turanci ke ba wuya a sa mai fassara a gefensa. Abin da ya kamata su tambaya kaɗan ne: yaya jinkirinsa yake tsakanin "bind" da "set", wane sarari yake so ya gani tsakanin kafaɗu, ina yake so ƙafar birki ta tsaya, kuma ta wane gefe zai fi tsayawa. Kafin a fita, manaja ya je da kansa ya ga inda motar asibiti take, ya tabbatar direban na ciki, allon na nan, kuma ba a toshe ƙofar da za ta fita da motocin manyan baƙi ba.